Yadda Kakata Ta Hana Ni Ganin Giwa

Shekara da shekaru ke nan da faruwar abin, amma har yau in aka ambaci giwa a gabana sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Giwa dai ba ta yi mini komai ba. Kakata ce mai laifin.

A ajinmu a Kankiya akwai wani yaro ɗan ma'aikacin gidan waya. Iyayensa mutanen kudu ne, amma a nan aka haife shi, bakinsa kuwa ya fi nawa kaifi. An taɓa kai shi gidan zu a Kano ya ga giwa, tun daga ranar muka rasa sakat. Ko lissafi ake yi sai ya san yadda ya jawo giwarsa ciki. Ni kuma Allah ya yi ni ba na jure ganin an kewaye wani ana saurare alhali ina wurin. Ana cikin haka na ji labarin kawuna zai kai kakata wani gandun namun daji can ƙasar Bauchi. Washegari na hau kan benci na shaida wa aji cewa giwar keji ba giwa ba ce, akuya ce da ta kumbura, ni kuwa zan je har dawa in ga ta gaske ido da ido. Ashe malam yana bakin taga. Ya shigo ya ce madalla, in an dawo hutu mu biyu za mu tsaya gaban aji kowa ya ba da labarin giwarsa, 'yan aji su zaɓi gwani.

A lokacin ko tambayar Kawu ban yi ba. Kwana uku na yi ina wanke masa mota kafin ya ce in shiga.

Kawu ma'aikaci ne a Kaduna. Shekarar ce aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya haukace da sayayya. Shi ya sayi 'yar mota mai ƙusumbi, da rediyo, da kyamara. Wani abokin aikinsa ya gaya masa akwai wani ruwan ɗumi a gandun da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, yana maganin ciwon gwiwa. Kakata, wato mahaifiyarsa, ta shekara goma tana ƙorafin gwiwa. Don haka muka bi ta Kusada muka ɗauke ta.

Kwana biyu za mu yi, amma kayan da ta fito da su ko aikin hajji ta ƙasa za ta tafi sun isa. Ƙwaryar fura, da kwanon dakuwa, da ƙullin ƙuli-ƙuli, da gyaɗa soyayya, da kilishin da Kawu ya kawo mata ta ƙi ci, da tabarma, da buta, da wani ƙunshi mai wari da ta ce kada wanda ya taɓa. A kaina aka jibga su. Tun asuba har la'asar ban ga hanya ba, ƙwarya nake kallo.

Ni da Kaka ba ma shan inuwa ɗaya sai an yi tsiya. Tana ce mini maigida, ina ce mata tsohuwa. Kawu kuwa ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. In tana son a tsaya sai ta ce da ni, "Maigida, hwaɗa ma mai motar nan lokacin salla ya yi." Shi kuma yana jin ta, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kamu biyu ba, amma sai ya jira na maimaita.

Da muka isa masauki, wani jami'in gandu mai kakin kore da gajeren wando ya tarbe mu. Ya nuna mana ɗakinmu, wani zagayayyen ɗaki mai jinka. Kaka ta dube shi sama da ƙasa.

"Wanga shi muka wuni a hanya don mu kwana ciki? Ai ko ɗakin awakina ya hi shi tsawo."

"Kaka, akwai lantarki a ciki. Turawa ma nan suke kwana."

"Allah sarki. Su ma talauci ya kama su."

Jami'in ya yi kamar bai ji ba, ya shiga karanto mana dokoki. Ya ce gobe da sassafe babbar mota za ta fita da baƙi zuwa bakin kogi kallon namun daji, sau ɗaya take fita, wanda ya makara ya makara. Ya faɗi wasu abubuwa da yawa da ban riƙe ba. Wanda na riƙe shi ne na ƙarshe, don sai da ya ɗaga yatsa. Ya ce akwai birai a masaukin, kada wanda ya kuskura ya ba su abinci. Duk wanda aka kama ba zai hau mota ba, kuma a ranar zai tattara kayansa.

Kaka ta gyaɗa kai kamar ta fahimta. Sannan ta kwance ƙunshin nan mai wari, ta miƙa masa curin daddawa da ƙullin kuka, ta ce a kai wa uwargida, a yi haƙuri ba yawa. A wurinta shi ne mai masaukinmu, ba a kuwa sauka gidan mutum hannu rabbana. Mutumin ya tsaya da daddawa a hannu yana duban Kawu, Kawu yana duban sama.

Biran nan ba irin 'yan jajayen da muka sani a gonakin Kusada ba ne. Manya ne, masu dogon baki kamar na kare, suna yawo tsakanin ɗakuna kamar su suka gina wurin. Akwai wani gwaggon biri da na rantse ya fi hedimastanmu faɗin kafaɗa. Gaduna ma, wato aladun daji, na nan suna kiwo a durƙushe, jela a tsaye, ko kallonmu ba sa yi. Na ce a raina, in dai ƙanana suna zuwa har bakin ƙofa haka, ai gobe sai na shafa hauren giwa da hannuna.

Kawu ya tafi ofis rubuta sunayenmu. Na shiga ɗaki ina gwada kunna fitila da kashewa. Da na fito sai na tarar da Kaka ta shimfiɗa tabarma ta buɗe kwanon dakuwa. A gabanta wata birinya ce zaune da ɗanta maƙale a ciki. Ina kallo Kaka ta ce, "Bismilla," ta gutsuro dakuwa ta ajiye mata a gefen tabarma.

Na ruga wurinta.

"Kaka! Me kika yi?"

"Tayi na yi mata."

"Biri ce fa!"

"Na ga biri ce, idona bai mutu ba. Kai ba ka ga goyo ba? Mai jego ta zauna tana kallon bakina, ni ko in yi ta haɗiya? Ta ina zai wuce?"

"Ba ke ce kike tura mu gonar gyaɗa da majajjawa mu kore su ba?"

"Can gonata suka zo. Nan ni na zo garinsu."

"An ce za a kore mu!"

"Kan loma guda? Yaron nan mai gajeren wando ba shi da wannan rowar. Na ga huskarshi."

Mai jego ta cinye ta miƙo hannu. Kaka ta ƙara mata. Ban san yadda birai suke aika saƙo ba, amma gidan waya bai kai su sauri ba. Kan ka ce me, sun fito daga kan rufi, daga bayan ɗaki, daga cikin bishiya, sun zauna sun yi da'ira kamar 'yan biki. Kaka ta ce tunda an taru ba ta ware wani, ta kwance ƙullin gyaɗa ta watsa.

Na suri kwanon dakuwa na jefa ɗaki, na karyo reshe na bi su ina kora. In na kori na dama sai na hagu su matso. Da suka watse na durƙusa ina tsince ɓawon gyaɗa ina cusawa a aljihu, don kada a ga shaida. Ina cikin haka jami'in ya biyo ta wurin.

"Kai, me kake nema a ƙasa?"

"Maɓallin rigata, yallaɓai."

Ya dubi rigata. Ba ta da maɓalli ko ɗaya, ba a ma yi ta da shi ba. Ya dubi biran da suka jeru a kan katanga suna tauna. Kaka ta ce masa sannu da aiki, ya amsa, ya wuce yana waiwaye. Na ce Alhamdu lillahi, mun tsallake.

Da rana ta yi sanyi muka shirya zuwa ruwan ɗumi. Ni da kaina na kulle ɗaki, na ja ƙofar sau uku na tabbatar. Mun fara gangara sai Kaka ta ce ta manta man zafinta, in ba ta mabuɗi. Na ce in je in ɗauko. Ta ce ba ni da hurumi a cikin kayan mata. Ta karɓa ta koma, ta dawo, muka ci gaba.

Ruwan yana da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Garau yake, kana hango yashin ƙasa, ga ɗumi kamar an sirka maka. Kaka ta ga Turawa maza da mata suna iyo da 'yan guntayen tufafi, ta yi salati, ta juya musu baya, ta tsoma ƙafafunta kawai tana yi musu addu'ar samun sutura. Ni kuwa na yi ta nutso ina shirya yadda zan fara labarina a aji.

Tun daga nesa da muke dawowa na ji rediyon Kawu yana magana. Mun bar shi a kashe.

Ƙofar ɗakinmu a wangale take, ta karkace, ƙarfe ɗaya ke riƙe da ita. Fura ta malale tun daga bakin gado har waje. Wani biri ya kifa ƙwaryar a ka yana tafiya yana karo da bango. Biyu suna jan mayafin Kaka, kowa ya riƙe gefe. Audugar matashi tana tashi ko'ina. Gwaggon birin nan yana zaune a tsakiyar gado, kilishi a hannu ɗaya, hular Kawu a ɗaya hannun, yana cin wannan yana ɗanɗana waccan. Da ya gan mu ko motsi bai yi ba. Kallon da ya yi mana irin na wanda aka shigo wa ba sallama ne.

Kawu ya juyo kaina. "Ba na ce ka kulle ba?"

"Wallahi na kulle! Kaka ce ta karɓi mabuɗi."

Kaka ta kwance bakin zanenta ta fito da shi. "Ga shi nan, ban yar ba."

"To da kika fito kin kulle?"

"Rana ko faɗuwa ba ta yi ba? In garƙame ƙofa a gidan mutum, shina gani? In ce mashi ɓarawo ke nan? Na dai jawo ta."

Sai da ma'aikata uku suka zo da sanduna da gwangwani suna bugawa kafin aka fitar da su. Gwaggon ya fita da hular. Jami'in ya tsaya a bakin ƙofa yana duban ɓarnar, ya ce biran nan ba sa afka wa ɗaki haka kawai, sai in an saba musu da shi. Wa ya ba su abinci?

Na buɗe baki zan ce wasu Turawa ne na gani. Na ma fara, na ce, "Yallaɓai, ɗazu wata Baturiya..."

"Ni ce, ɗan nan," in ji Kaka. "Mai jego ce ta zo. Sauran kuma suka biyo ta."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Jami'in ya ce doka dai mun ji ta. Kawu ya ja shi gefe, suka yi ta magana da Turanci, Kawu yana nuna gwiwar Kaka, yana nuna hanya, yana nuna rana da ta kusa faɗuwa. Ni ina tsaye ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Can jami'in ya dawo ya ce saboda tsufanta ba zai kore mu ba, kuma ma an riga an jefa daddawar a miya. Amma Hajiya ba za ta hau mota ba.

Kaka ta ce, "Dama wa ya ce ina so? Ni da na wuni cikin mota."

Na fara murmushi. Sai ya ƙara da cewa biran sun riga sun san ɗakin, da safe za su dawo, ga ƙofa ta lalace, kafinta kuwa sai da hantsi. Dole namiji ɗaya ya tsaya da sanda.

Maza biyu ne a tafiyar. Ɗaya yana da mota da kyamara da gemu. Kawu ko shawara bai yi ba, ya dafa kaina ya ce, "Yaro zai tsaya."

Na roƙa. Na yi kuka, na gaske, ba na wasa ba. Na ba shi labarin aji da ɗan gidan waya da malam. Ya ce zai ɗauko mini hoto in nuna musu. Na ce hoton da ba ni a ciki ai kowa ma yana iya yankowa a littafi. Ya ce in rufe masa baki, hularsa sabuwa ce.

Da sassafe ina tsaye da sanda motar ta tashi. Babba ce, buɗaɗɗiya, an jera bencuna a baya. Kawu yana zaune a gaba-gaba da kyamara a wuya da kai ba hula. Wani ɗan Bature da bai kai ƙuguna ba ya ɗago mini hannu. Na bi su da ido har ƙarar ta ɓace.

Kaka ta fito da tabarmarta. "Maigida, ka ga wani tsuntsu can mai jan maƙoshi?"

A nan na fashe.

"Tsohuwa, ki ji ni da kyau. Ke kika jawo mini wannan. Daga yanzu har mu bar dajin nan kada in ƙara jin sunan wata dabba a bakinki. Kada ki kira ta, kada ki yi mata tayi, kada ki nuna mini ita. Ko kiyashi ne. Kin ji?"

"Yau maigida ya hau."

"Ki yi alkawari."

"To, na yi. Allah ya huci zuciyarka."

Ta ja tabarmarta ta zagaya bayan ɗaki, inda ƙasa ta gangara zuwa wani kwari mai 'yar ƙorama, ta zauna da carbinta. Ni na tsaya a gaba na ba ƙofa baya.

Suka zo kuwa. Mai jego ce a gaba, ta zauna tana leƙen bayana, tana neman ƙawarta. Na ɗaga sanda, ta yi hamma. Gwaggon ya zo ya bi ta gabana sau biyu a hankali, ya buɗe mini haƙora, kowane ɗaya ya kai ɗan yatsana. Na ja da baya har na zauna cikin busasshiyar fura. Ƙanana suka hau jinka suna zaro ciyawa suna sako mini a ka. Na yi ihu, na yi jifa, na zage su da zagin da in mahaifina ya ji sai ya yi mini wanka da bulala. Rana ta ɗago, gumi ya jiƙa ni. Duk tsawon lokacin nan ban ji ko tarin Kaka ba. Har na ce a raina, ashe tsohuwar nan tana jin magana in an buɗe mata ido.

Sai da kafinta ya iso biran suka janye. Na jefar da sanda na zagaya baya in sha ruwa a butarta.

Tana zaune ta miƙe ƙafa, ta tallafe haɓa, fuskarta kamar wadda ta dawo daga kallon biki. Na bi inda take kallo. A ƙasan kwarin, ƙoramar ta dame ta zama taɓo. Rassa a karye ko'ina. A can gefe bishiyoyi suna rangaji ba iska. Tsakanin biyu daga cikinsu na hango wani abu toka-toka, faffaɗa kamar bangon rumbu, da 'yar jela siririya tana lilo. Ya yi taku ɗaya, ganye ya rufe shi.

"Kaka. Mene ne wancan?"

"Ka hana ni hwaɗi."

"Kaka, don girman Allah!"

"To, tunda ka haɗa ni da Allah. Su ne waɗanda kake ta kuka a kansu."

"Tun yaushe?"

"Motar nan ba ta daɗe da tashi ba suka gangaro. Sun hi shanun Hulanin ƙauyen Boko yawa. Har da 'yan jarirai, maigida, suna tsotso. Wata ta ɗebi ruwa da hancin nan ta watsa ma ɗiyarta. Babban kuwa ya tsaya nan, nan ƙasan, da na miƙa sanda sai in taɓa shi. Ya daɗe shina kallona."

"Kina ji ina bayan ɗakin nan! Taku goma!"

"Ina jin ka mana. Su ma suna jin ka. Duk zagin da ka yi sai babban ya kaɗa kunne."

"Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Alkawari ka sa na yi. Sau uku ina buɗe baki ina tunawa."

Na zabura zan gangara, kafinta ya riƙo rigata ya ce in na sauka kwarin nan ko takalmina ba za a samu ba. Na zauna a ƙasa. Kaka ta miƙo mini ƙuli-ƙuli guda da ya tsira a bakin zanenta. Ban karɓa ba. Daga baya na karɓa.

Da hantsi motar ta dawo. Sun ga gwanki, sun ga zabi, sun hango ɓauna guda daga nesa. Giwa ko ɗaya ba su gani ba, don duk garken ya zagayo ta bayan masauki. Da Kawu ya ji abin da ya faru, dariya ta sa sai da ya jingina da motarsa. Jami'in ya ce shekararsa shida a wurin bai taɓa ganinsu kusa da ɗakuna haka ba, Hajiya mai sa'a ce.

A hanyar dawowa na shiga gina labarina a rai. Ina da jela, ina da bango toka-toka, ina da abin da Kaka ta faɗa. Kafin mu kai Kano na haɗa giwa cikakkiya, da haure, da kunne, har da yadda ta durƙusa ta gaishe ni. Abin da ban lissafa ba shi ne bakin Kaka. Kwana biyu da komawarta babu gidan da labarin bai shiga ba a Kusada, kuma ba ta rage komai ba, har da inda na tsaya da inda na juya wa baya. Ranar kasuwa matan Kusada suka kawo shi Kankiya tare da daddawarsu. Matar ma'aikacin gidan waya kuwa a wurinsu take saye.

Ranar da aka koma makaranta ɗan gidan waya ya fara. Ya ba da labarin giwarsa ta keji, wanda kowa ya haddace. Malam ya kira ni. Na gyara tsayuwa, na yi gyaran murya, na ce, "Giwar da na gani a dawa..."

Yaron ya ɗaga hannu. "Malam, a tambaye shi ta wane gefe ya gan ta."

Ajin ya kece. Wasu har da buga benci. Daga baya wani ya yi kukan biri. Malam ya juya yana goge allon da babu rubutu a kai, kafaɗunsa suna rawa. Da aka lafa ya ce masu zaɓena su ɗaga hannu. Hannu ɗaya ya tashi a can baya. Na dube shi da godiya, sai ya ce shi izinin fita fitsari yake nema.